Ra'ayi: Ƙofar lantarkin da ba ta komawa baya tarko ce a bakin gida

A sababbin unguwannin Yamai, har ma da Maraɗi da Damagaram, da yawa daga cikin waɗanda Allah ya hore wa suka gina gida ba su jin an gama aiki sai an sa ƙofa mai tafiya da kuran. Mai gida na zaune cikin motarsa, ya danna telekomand, ƙofar ƙarfe ta zame gefe, ya shige, ta rufe kanta. Wani kuma ƙofar garajin mota ce mai hawa sama ta sauko, wani ridon kanti ne aka ɗora wa inji. Ba wanda zai ga laifin mai son sauƙi. Abin da ya dame ni shi ne a wajen ciniki ana tambayar kuɗi, ana tambayar ko injin na Italiya ne ko na Sin, amma da wuya ka ji an tambayi mai haɗawa: in ƙofar na cikin rufewa ta tarar da yaro a hanyarta, me za ta yi?

Abin da ya kamata ta yi shi ne ta tsaya, ta koma baya nan take. Ƙofar da ba ta yin haka bai kamata a jona ta da kuran ba, kome tsadarta. Injunan da ake sayarwa na ƙofofin zamewa an rubuta musu nauyin da suke iya ja, kilo 400, 600, 800 har fiye. Ƙirjin yaro ɗan shekara huɗu ba ya jure ko ɗan kaso na wannan.

Waɗanda suka riga mu amfani da waɗannan ƙofofi da gawa suka koyi darasin. A Amurka, inda ƙofar garaji mai inji ta zama ruwan dare, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar, CPSC, ta ƙidaya gomman yara da ƙofa ta danne suka mutu tun daga 1982. Majalisar dokokinsu ta kafa doka a 1990: daga 1 ga Janairun 1991 duk injin ƙofar garajin gida da aka ƙera sai ya zama mai juyawa baya in ƙofar ta ci karo da wani abu. Suka ga hakan bai isa ba, domin kafin ƙofa ta ji ta taɓa yaro ta riga ta danna shi. Daga 1 ga Janairun 1993 aka ƙara kariya ta biyu, galibi idanu biyu na lantarki da ke kallon juna a gefunan ƙofa, kusa da ƙasa. Haske ne da ido ba ya gani ke tafiya tsakaninsu. Da zarar wani abu ya gitta ya katse shi, ƙofar ta fasa saukowa tun ba ta taɓa kowa ba.

Kada a ce wannan matsalar ƙofa mai saukowa daga sama ce kawai. A 2010, a Birtaniya, ƴan mata biyu, mai shekara 6 a Manchester da mai shekara 5 a Bridgend, sun mutu ƙasa da mako guda tsakani, kuma ƙofar zamewa ce ta matse kowaccensu, irin dai wadda ake yayi a gidajenmu. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12453 ta iyakance ƙarfin da bakin ƙofa zai buga wa mutum a matsattsen wuri, kimanin nauyin kilo 40, kuma dole ya sassauta kafin daƙiƙa ɗaya ta cika.

To mu fa? Mun sayo injin, mun bar dokar a can. Kuma yanayinmu ya fi nasu wahalar da na'urar. Ƙurar hunturu na rufe gilashin idon cikin ƴan kwanaki. Zanzaro na gini a jikinsa, gizo-gizo na saƙa. Ranar yamma in ta haska idon kai tsaye tana iya ruɗa shi. Yara na buga ƙwallo su goce shi, ɗaya ya daina kallon ɗaya. A duk waɗannan halaye ƙofar sai ta ƙi rufewa, kuma daidai ta yi, haka aka tsara ta. Amma mai gida ya dawo a gajiye, ya danna sau biyar ba ta rufe ba, sai ya kira mai gyara cikin fushi. A nan ɓarnar take faruwa. Maimakon a goge gilashi da tsumma a daidaita idanun, aikin minti biyar, sai mai gyara ya buɗe akwatin inji ya haɗe wayoyin ido da guntun waya. Inji ya ɗauka hanya a buɗe take har abada. Ƙofa na rufewa lafiya lau, mai gida ya yi godiya har da na goro, bai san an kwaƙule wa ƙofarsa ido ba. Wasu ma tun ranar haɗawa ba a sa idon ba, an ce tsadarsa ba ta da amfani.

Dabara ta biyu ta fi wannan muni. Rairayi ya cika layin ƙarfen da ƙofar ke gudu a kai, ƙafafunta sun bushe ko sun cinye, ta yi nauyi, inji na tsayawa a tsakiyar hanya yana zaton ya ci karo da wani abu. Gyaran gaskiya shi ne a share layin, a canza ƙafafu, a sa giris inda ya dace. Gyaran ganin ido shi ne a murɗa madaidaicin ƙarfin inji har ƙarshe. Daga ranar, ƙofar ta daina bambance tsakuwa da ƙafar mutum.

Sai mu tuna su wa ke zama a ƙofar gida a ƙasar nan. Almajiri mai jiran saura, ƴaƴan maƙwabta da ke wasa a inuwar katanga, tsohon mai gadi da tabarmarsa, yarinyar da aka aika ta hango ƙofa na rufewa ta sheƙa da gudu don ta riga ta. Mai telekomand kuwa sau da yawa ya riga ya karya kwana, bai ma ga abin da ya bari a baya ba.

Gwajin ba ya cin ko dala. Masu ƙera ƙofar garaji mai saukowa suna cewa a yi shi kowane wata: a kwantar da guntun katako mai kaurin kimanin santimita 4 a ƙasa, a tsakiyar inda ƙofar ke sauka, a danna rufewa. Da ta taɓa katakon, cikin daƙiƙa 2 ta juya sama. In ta tsaya tana dannawa, a cire ta daga kuran har sai an gyara. Sannan a gwada idon: ƙofa na saukowa, a gitta sanda ko tsintsiya ta gabansa, dole ta koma. Idon kada ya wuce santimita 15 daga ƙasa, don ya ga yaro mai rarrafe, madannin bango kuma ya kai mita ɗaya da rabi, inda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. A ƙofar zamewa ma haka ne, a sa kwali a gaban ido, a sa katako a bakin rufewa. Kada kowa ya gwada da hannunsa ko ƙafarsa, ba jarumtaka ba ce. Kuma a duba ta baya, inda ƙofar ke shigewa jikin katanga lokacin buɗewa, domin nan ma matsewa take yi, kuma ba kasafai ake sa ido a wurin ba. A duba ƙarfen da ke tare ta a ƙarshen layi. In waldar ta saki, ƙofar na iya zarcewa ta faɗo gaba ɗayanta.

Gwajin katako bai auna ƙarfin bugun ba, wannan sai da na'urar ƙwararru. Amma yana tona ƙofar da aka kashe wa kariya. Abu guda da mai gida bai kamata ya taɓa da kansa ba shi ne resor, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin ƙofa mai hawa sama. In ya kuɓuce yana karya hannu.

Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda ba baƙuwa ba ce gare mu, musamman lokacin zafi. Kowace ƙofa tana da hanyar sakinta daga inji a tura da hannu, jan igiya a ta garaji, ɗan makulli a ta zamewa. A gidaje da yawa makullin nan na cikin aljihun mai gida, shi kuma yana Kano ko Dubai. Ranar da ƙofa ta matse yaro ko gobara ta tashi, uwargida da mai gadi ne ke nan, su ya kamata su san inda yake da yadda ake murɗa shi.

Hukumar ANMC mai kula da ƙa'idojin ingancin kaya tana da rawar takawa, ita da jami'an duwan: injin ƙofa da zai shigo Nijar ya zo da idanunsa cikin kwali ɗaya, cibiyoyin koyon sana'a kuma su sa wannan gwaji cikin abin da ake koya wa masu walda da masu haɗa wuta. Kafin wannan ta tabbata, abin na hannun mai biyan kuɗi. Ranar da mai haɗawa ya ce ya gama, a ɗauko katako a gabansa, a kira mai gadi da uwargida su tsaya su gani. In ƙofa ta koma baya a cika masa kuɗinsa, in ba ta koma ba a riƙe ragowar sai ya gyara.