Filin manoma: ciwon gawayi na wake

Manoman Dakoro, kun san shi. Ruwa ya ɗauke, rana ta yi zafi, sai wake ya yi yaushi, ya bushe tsaye. Ku tsaga gindinshi, za ku ga baƙin ɗigo-ɗigo kamar garin gawayi. Ba fari kaɗai ba ne. Wata funfuna ce mai zama cikin ƙasa, sunanta Makrofomina.

Amma ita ma tana da abokiyar gaba, wata funfuna ta kirki mai suna Kulonostakis. Tana fitar da wani ruwa, masana na ce mishi anzim. Kamar yadda yawu ke narkar da tuwo a baki, haka ruwan nan ke narkar da fatar muguwar funfuna.

A 2007, Mbaye Ndiaye, mai bincike na cibiyar AGRHYMET ta Yamai, ya nuna takin rami yana rage ciwon. In an gama takin da funfunar kirki, ya fi aiki.

Taki dai muna da shi, ga makiyaya kusa da mu. Ku ruɓar da shi sosai, ku zuba cikin ramin shibka. Gonar da ciwon ya yi yawa, baɗi a shibka hatsi. Waken da ya kamu kuwa, kar ku ɗebi iri cikinshi.