Ina ungulayen Kontagora suka shiga?

Jama'a, yaushe rabon da mu ga ungulu na jewa a saman mahauta? Dattawanmu sun san lokacin da sai an kore su kafin a yi fiɗa. Yau yaro zai girma a garin nan bai san ungulu ba sai a karin magana.

A 2015 ƙungiyar IUCN ta saka irin ungulun da muka saba gani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Kuma da hannun mutane a ciki: ana zuba guba a mushe, a kwashi kawuna a kai wa masu tsibbu. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tal take sakawa, yaushe za ta mayar da gurbi? Mushen da take share mana kyauta, yanzu karnuka da ƙudaje ke rabawa.

Ga dajin Zugurma a gefenmu, ɓangaren Gandun Dajin Tafkin Kainji, mazaunin ɗaruruwan nau'in tsuntsaye. Da halin tsaron da ake ciki, ba mu ce kowa ya kutsa can da madubin hangen nesa ba. A fara daga gida. Cibiyar APLORI ta Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Najeriya daga 'yan sa-kai masu waya. Matasanmu su riƙa rubuta inda suka ga ungulu ko burtu, da ranar.

Mu kuma manya mu zauna da Sarkin Pawa da shugabannin maharba, a hana cinikin kan ungulu a kasuwanninmu.