Labarin Malam Abdussalami, a Faɗe Shi Duka

Ya ku malamai da fatake na Jega da Aliero da Mayama da Dangamaji da kewayensu, nufina in yi magana a kan wani bawan Allah wanda kowa a ƙasar nan ya san sunansa, amma kaɗan ne ke kai labarinsa ƙarshe, watau Malam Abdussalami na Gimbana, Allah ya gafarta masa.

Rabin farko kowane almajiri ya iya. Abdussalami Ba'are ne, malami, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da sarakunan Gobir suka matsa wa jama'a, sai ya tashi da mutanensa ya zauna Gimbana, nan ƙasarmu. A ƙarshen shekara ta 1803 rundunar Yunfa ta faɗa wa garin, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kawo ƙarshen zaman lallami tsakanin Alkalawa da Degel, har Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ashe ke nan jinin mutanen Gimbana yana cikin na farko da ya zuba a wannan al'amari.

To, daga nan sai mai ba da labari ya yi gyaran murya, ya ɗauko wata magana. Abin da ake tsallakewa shi ne wannan. Da aka ci ƙasa aka raba, rabon Abdussalami bai wuce 'yan garuruwa a wajen Sabiyal ba, ƙarƙashin Malam Abdullahi na Gwandu. Ya ga abin bai kai matsayinsa ba, aka yi ta ja-in-ja, har aka mai da shi Kware, arewa da Sakkwato. Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, kafin shekara ta ƙare Kware ta yi tawaye. Aka yi ta aike da wasiƙu, ba a daidaita ba. A farkon 1818 aka ci garin, Abdussalami ya fita da rauni, ya cika a Bakura ta ƙasar Zamfara.

Yau mutane sun kasu biyu a kan wannan rabi na biyu. Akwai masu binne shi, suna ganin ambatonsa rashin ladabi ne ga magabata. Akwai kuma waɗansu, yawancinsu samari ne masu rubutu a wayoyin hannu, da suka tono shi suna yawo da shi, suna cewa ga shaida jihadi na Fulani ne, Bahaushe ɗaya da ya yi fice an kashe shi. Ni a ganina na farkon su suka haifi na biyun. Yaron da bai ji labarin gidansu a bakin malaminsa ba zai ji shi a bakin wanda ba ya nufinsa da alheri, kuma ranar da ya ji zai ce malam ya ɓoye masa don akwai abin kunya.

Alhali wanda ya ci yaƙin bai ɓoye ba. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta littafi a kan wannan rikici, Sardul Kalami, ya sa wasiƙun Abdussalami a ciki tare da amsoshinsa. Kukan mutumin yana nan a rubuce: zalunci ya bayyana a hannun masu iko, ana cin dukiyar mutane, an raba ƙasa tsakanin 'yan kaɗan an bar shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da aka tuhume shi da shi ma yana nan: ya buɗe Kware ga abokan gaba ana ciniki da su, ya karɓi masu gudowa, daga baya ya haɗa kai da su. Fatake su lura da wannan, don a kan hanyar kasuwa wutar ta fara kamawa. In Bello, da takobinsa da alƙalaminsa, bai ji tsoron ajiye maganar abokin hamayyarsa don na baya su karanta ba, mu mene ne namu na rufewa?

Ga masu cewa faɗan ƙabila ne, sai su amsa mini wannan. Wa ya riga Abdussalami kuka da lalacewar jama'a? Malam Abdullahi ne, ƙanen Shehu. Tun wajen 1807 ya ga son mulki da tara dukiya sun shiga zukatan mutane, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar ba zai komo ba. Mutanen Kano suka tsai da shi, can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kuma kukansa yana cikin Tazyinul Waraƙati ga mai son dubawa. Ciwo ɗaya suka gani su biyu. Bambancinsu, Abdullahi ya komo ya zauna cikin jama'a yana gyara da karantarwa da rubutu, Abdussalami ya kafa ganuwa ya nemi taimakon waɗanda aka yi yaƙi da su jiya. Ina ganin kukansa da gaskiya a ciki, hanyar da ya bi kuwa ba ta ɓulle ba, ta kuwa jawo halakar mutane da yawa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Mutum yana iya riƙe waɗannan biyu a zuciya ɗaya, bai zagi kowa ba.

Har hukuncin abin ma malaman ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Shehu da Bello suna ganin taimakon kafirai a kan Musulmi kafirci ne, Abdullahi kuwa yana ganin saɓo ne babba wanda shi kaɗai bai fitar da mai shi daga Musulunci ba. Wa da ƙane, ɗa da baffa, suka saɓa a rubuce, da hujja, ba wanda ya fasa ganin girman wani. Wannan mas'ala ce da ya kamata masu saurin kafirta mutane a kan mumbari yau su zauna su karanta a hankali.

Sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina suka ci gaba da faɗa da Gwandu. Wajen 1820 Bello ya kawo wa baffansa gudummawa aka ci garin, a nan ne kuma Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, sanyin da ke tsakaninsu tun rasuwar Shehu ya wuce. Sa'an nan aka yi abin da ya fi kowane yaƙi wuya. Buhari ɗan Abdussalami ya miƙa wuya, aka karɓa, aka bar shi ya kafa gari a bakin gulbi ya tara Gimbanawa. Garin nan shi ne Jega. Ɗan wanda aka yaƙa ya zama jarumin Gwandu, zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

Ku dubi abin da sulhun nan ya haifa. Jega ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin ƙasar Hausa, zangon ayarin da ke tasowa daga Kano su nufi Gwanja sayen goro, su sauke kanwa da tufafi, su komo da kaya a kan jakuna. Banufe da Bayarabe da Bazabarme da Buzu duk sun sami masauki. Cinikin da ya zama laifi a Kware lokacin yaƙi, shi ya zama arzikin Jega da aka sami amana. Duk wanda ya taɓa auna hatsi a kasuwar nan, ko ya ɗora buhun albasar Aliero a mota, yana cin gajiyar shawarar da aka yanke ta kada a kama ɗa da laifin uba.

Saboda haka ga roƙona. Malaman zaure da ke karantar da littattafan Shehu da na Abdullahi su sa Sardul Kalami a cikin karatu, a bi shi layi layi, a fassara wasiƙun ɓangarorin biyu kamar yadda suke, ba ragi ba ƙari. Attajiranmu kuwa, waɗanda ba su gajiya da gina masallatai, Allah ya saka musu, su ware wani abu a buga littafin da fassarar Hausa, ajami da boko, a raba wa makarantun Jega da Aliero da Mayama. Kuɗinsa ba zai kai na hasumiya ɗaya ba.