Wa Ya Ce Manomi Bai San Siyasa Ba?

Duk lokacin da aka kammala zaɓe, sai in ji 'yan boko suna cewa talakan ƙauye ya sayar da 'yancinsa a kan taliya da sabulu. Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Malumfashi, kuma ban yarda da wannan hukunci ba, domin an yanke shi ba tare da an saurari wanda ake tuhuma ba.

Kakanninmu ba a aji suka koyi siyasa ba. A gaban sikelin auduga suka koye ta, inda ake danne musu awo, da ƙofar dagaci ranar biyan haraji. Shi ya sa da aka kafa NEPU a Kano a 1950, kiran Malam Aminu Kano ya sami masu amsawa a Funtua da kewayenta. Mutane sun sha bulala da ɗauri a kan ra'ayinsu, ba wanda ya ba su ko sisi. A 1979, muna cikin jihar Kaduna a lokacin, ƙuri'ar talaka ta ɗora Balarabe Musa na PRP a kujerar gwamna, ya soke haraji da jangali. Manomi ya ga abin da ƙuri'a ta haifa, ya gaskata ta.

Yau fa, me yake gani? Audugar da ta gina Funtua ta ja baya. A wasu ƙauyukan Faskari da Sabuwa, sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gona. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Buhun taki ya tashi daga haƙƙi ya koma kyautar 'yan jam'iyya. Wanda ya bi layi a manyan zaɓuɓɓuka bakwai tun 1999 bai ga sauyi ba, in ya karɓi taliya, ba jahilci ya nuna ba. Lissafi ya yi: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ban ce lissafin daidai ne ba, amma mu da muka yi karatu ba mu da bakin zaginsa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. A rumfarmu tsofaffi da mata na gani cikin rana, masu zagin su a Facebook kuwa suna inuwa.

Ra'ayin siyasa tamkar dawa ne, sai an shuka, an yi noma, an yi maimai. 'Yan NEPU sun zauna da manomi a kasuwa da dandali shekara da shekaru. Mu kuwa ba ma leƙa shi sai ranar girbi, sannan mu yi mamakin ciyawa. In muna son ya daina karɓar taliya, mu koma majalisarsa, mu raka shi wurin kansila ya tambayi inda takinsa ya maƙale. Ranar da ƙuri'a ta sake haihuwa a gabansa, ba sai an roƙe shi ya riƙe ta ba.