Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ya ku 'yan'uwa masu sha'awar tamaula, akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki ga kulob-kulob ɗinmu na Arewa, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Da zarar kulob ya sami yaro ɗaya mai gudu da yanka a gefen fili, sai a ɗora masa dukkan nauyi, kowace ƙwallo a tura masa, 'yan kallo kuma ba su kiran sunan kowa sai nasa. Shi kuwa na ɗaya gefen, da wanda ke zaune a benci, ba mai kula da su sai ranar da gwanin ya ji ciwo ko aka saye shi. Ra'ayina shi ne, ƙarfin kulob yana ga yadda ya reni mutum na biyu tun ba a bukace shi ba.

Bari mu leƙa Amurka, inda suke da wata irin ƙwallo mai siffar ƙwai wadda ake jifa da hannu. A wasan nan akwai mai jifa guda, akwai kuma masu cafka da ke sheƙawa ta gefe. Abokan karawa sukan sa mutum biyu su tsare babban gwanin cafka, saboda haka tilas hanya ta buɗe wa na biyu. Don sun gane haka, ba su barin renonsa ga sa'a. Kowane babban kulob yana riƙe da 'yan wasa 53, ban da wasu 16 da ake biya domin atisaye kawai. Masu cafka suna da nasu malamin daban. Sabon yaro kuma ana fara shi da ƙaramin aiki, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan har ya haddace hanyoyin gudu, ya saba da hannun mai jifa.

Amfanin wannan ya bayyana a wasan ƙarshe na watan Janairu 1989, tsakanin San Francisco 49ers da Cincinnati Bengals. Jerry Rice, babban gwanin San Francisco, ya cafki ƙwallo sau 11 a ranar. Amma da ya rage daƙiƙa 34 a tashi, suna baya, sai Joe Montana ya jefa wa John Taylor, wanda bai cafki ko ɗaya ba tun da aka fara, ya kuwa ci musu kofi da maki 20 da 16. Tun 1986 kulob ɗin ya ɗauki Taylor, yana ta tanadinsa domin rana irin wannan.

Kada wani ya ce ai wannan wasan baƙi ne, domin kuwa a ƙwallon ƙafarmu ma an ga haka. A gasar cin kofin Afirka ta 1994 a Tunisiya, koci Clemens Westerhof bai sa Emmanuel Amunike wasa ba sai ranar ƙarshe. Zambiya ta riga mu ci, Amunike ya zura biyu, Nijeriya ta ɗauki kofi. Ga kuma Tijjani Babangida, ɗan Kaduna. Kulob ɗin Roda na ƙasar Holan ya ɗauke shi a 1991, bai yi gaggawar sa shi ba, sai ya ba da shi aro ga VVV-Venlo don ya goge. Da Finidi George ya bar Ajax zuwa Real Betis a 1996, Babangida aka kira ya maye gurbinsa a gefen dama, ya riga ya nuna. Shi ne ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Legas a shekarar 2000.

Mu a nan mun fi kowa bukatar wannan tsari, saboda gwani ba ya daɗewa a hannunmu. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, kafin shekarar ta ƙare yana Holan. Ba laifinsa ba ne, kowa yana neman inda zai fi samu. Amma kulob da ya san haka lamarin yake, lalle ne ranar da gwani ya fara haskawa, ran nan za a fara horar da magajinsa.

To, ina za a samo magadan? Suna nan birjik a garuruwa irin Illela, bakin iyakarmu da Birnin Ƙonni. Duk yamma bayan la'asar filayen makarantu cike suke da yara masu gudu kamar barewa, galibi ba takalmi. Sai dai babu tsani daga waɗannan filaye zuwa filin Giginya na Sakkwato. Yaro yana kai shekara 17 ko 18 sai ya kama kabu-kabu ko dakon kaya a kasuwa. Wannan ma abinci ne mai rataye da iyaka, ga shi an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, samari da yawa suka zauna hannu rabbana. Tamaula ba za ta ciyar da gari ba, amma ƙofa ce guda da bai kamata a bar ta a kulle ba.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma koci da ya sha kaye sau uku a jere korarsa ake yi, don haka ba zai yi kasadar sa ɗan koyo ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma mutanen Illela, masu kasuwar dabbobi, sun san amsarta: wanda ya sayi rago ana gobe Sallah shi ke biyan tsada, wanda ya ɗaure ɗan tunkiya wata shida kafin nan shi ke cin riba. Abin da ake kashewa wajen sayen tsohon ɗan wasa guda zai riƙe yara da dama. Bugu da ƙari, tun 2020 doka ta yarda a canja mutum biyar a wasa maimakon uku, watau koci ba shi da hujjar barin yaro yana ɗumama benci wata da watanni.

Shawarata uku ce. Na farko, Sokoto United da takwarorinsa su riƙe ƙungiyar yara mai koci nata, kuma na biyu a kowane gefe ya riƙa samun ko da minti 20 a wasa, a kuma canja masa gefe har ƙafarsa ta hagu ta yi ƙarfi kamar ta dama. Na biyu, hukumar wasanni ta jiha ta tsayar da gasa duk shekara tsakanin makarantun sakandare na Illela da Gada da Gwadabawa da Tangaza, a tura masu ido su zaɓo. Na uku yana kanmu 'yan kallo: mu daina yi wa yaro ihu don ya ɓarar da ƙwallo ɗaya, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a karya shi.

Mu kuma ɗalibai, hutu na zuwa. Kowa ya koma garinsu ya tara ƙannensa a fili, ya ba wanda ba a saba ba wa ƙwallo dama. Allah ya sa shugabannin wasanninmu su ji, su kuma aikata.