Ƙofar Shiga Kamar ta Nassarawa, ta Fita Kamar ta Akurki

Daren Alhamis ƙanwata ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera atamfa da leshi da kwalaben humra, ta ɗauki bidiyon kayan lefe za ta tura wa wata mai saye a Yamai. Tun bayan isha'i 'yar da'irar nan take juyawa a fuskar waya. Ɗanta kuwa yana ɗaki yana kallon Labarina a YouTube, a kan Wi-Fi ɗin nan dai, hoto tar ko tsayawa ba ya yi. Saura ƙiris ya tafi aka ɗauke wuta, komai ya koma farko. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ba kai ka ce wannan ya fi sauri ba?"

Ni na faɗa, don abin da na gani a jikin kwalin na'urar Wi-Fi ɗin ke nan.

Washegari na gwada gudun layin. Saukewa ta kai megabit 30 a daƙiƙa, ɗorawa da ƙyar ta taɓa 2. Bidiyo mai nauyin megabait 500 zai sauko cikin minti biyu da 'yan kai, amma kafin ya hau sai ka share fiye da rabin awa kana gadi. Wajen cire data kuwa ba a san wannan bambanci ba. Yadda ake yankar wanda ka sauke, haka ake yankar wanda ka ɗora.

Na san akwai dalili. 5G da aka fara kunnawa a Najeriya a 2022 hanya ɗaya ce ake raba wa lokaci, wani kaso na saukewa, wani na ɗorawa, kuma saukewa ake ba kaso mai tsoka. Ga shi ƙarfen sabis da babbar murya yake magana, ita kuwa waya raɗa take yi, ƙarfin da take aikawa da shi bai kai rabin watt ba. Wannan raɗar ce za ta ratsa katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano, ta fito daga lungun Yakasai ko Mandawari. Duk na ji. Ɓoyewar ce ke ƙona min rai. Me ya hana mai talla ya rubuta lambobin biyu gefe da gefe, da harafi mai girma ɗaya? Ko a kasuwar Kurmi, wanda ya nuna maka fuskar yadi ya naɗe inda ya yage, sunansa maha'inci.

Gwamnati ma haka ta ɗauke mu. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, ya yi alkawarin megabit 25 a birane, 10 a karkara. Duka biyun lambobin saukewa ne. A Amurka hukumar sadarwa ta FCC ta ɗaga ma'auninta a watan Maris na 2024, ta ce layi bai cancanci sunan mai sauri ba sai ya kai 100 a saukewa, 20 a ɗorawa. Mu kuwa a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Da sauri aka ƙara. To, ta tilasta wa kamfanoni su bayyana gudun ɗorawa mana, ta kuma sa masa ƙa'idar da ba za a gaza ba.

Wai an ce yawancin mutane kallo suke yi, ba turawa ba. A Kano za a faɗi wannan? Garin da tun zamanin Muhammadu Rumfa yake fitar da kaya, shuɗin marinar Ƙofar Mata da jar fatar majema suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma? Yau ayarin ya koma cikin waya. Baduku na son nuna takalminsa ga mai saye a Agadas, mai tace fim na da shiri da zai ɗora kafin dare, ɗalibin Jami'ar Bayero na da takardu da zai aika kafin a rufe shafi, matan da ke sana'a daga cikin ɗaki kuwa WhatsApp ne shagonsu. Fim ɗin da yaron can yake kallo ma, sai da wani ya ɗora shi.

Ƙanwata dai ta samo dabararta. Da an idar da sallar asuba, kafin unguwa ta tashi layi ya cushe, take hawa benen maƙwabta da waya a hannu, ta tsaya tana ɗaga ta sama.