Kashi Da Bayan Gida

Ba kasafai Bahaushe yake kiran kashi da sunansa a gaban manya ba. Yaro ƙarami ana ce masa ya yi tutu. Malamai a zaure suna cewa gayadi, kalmar da suka aro daga Larabci, inda asalinta ke nufin kwari, wato wurin da mutum zai gangara ya ɓuya. Sauran jama'a kuwa sai su ce bahaya, ko bayan gida, ko kuma mutum ya tashi kawai ya ce zai kewaya.

A rubuce ma kalmar tana da rikici. Kashi na ciki ana jan wasalin farko, amma kashi na rabo, irin na kashi 10 cikin 100, ba a ja, alhali a boko rubutunsu ɗaya ne. In kuma maɗaba'a ba ta da ƙ mai ƙugiya, to, har ƙashin miya sai ya shiga sahu.

Abin mamaki, kunyar nan ba ta bin kalmar cikin karin magana. Dattijo zai ce an shafa wa wane kashin kaji, wato an ɗora masa laifin da bai ji ba bai gani ba, ba wanda zai sunkuyar da kai. Manomi kuwa kuɗi yake biya a kai masa kashin shanu gona. Na ɗan Adam kaɗai ake sakayawa.

Amma a dubi bayan gida ɗin da kyau. Sunan wuri ne kafin ya zama sunan abin da ake yi a wurin, kuma har yau akwai garuruwan da maganar take a zahirinta: ba salga, ba masai, sai kango da bakin kududdufi. Damina na sauka ruwa ya kwashe ƙazantar ya zuba a rijiya. Ta nan kwalara ke shiga gari, cutar da ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya a 2021. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina bahaya a fili, wa'adin ya zo ya wuce ba a daina ba. Jihar Jigawa ce ta fara samun shaidar dainawa, a 2022.

Malaman tsabta da ke shiga ƙauyuka don wannan aiki da gangan suke ajiye sakayawa. Sukan zaga da mutanen gari har kangon, su nuna abin da ƙuda ke tashi daga kansa ya sauka a kwanon tuwo, su kira shi kashi a gaban mai unguwa.